Dalilan Da Kan Sa Iyakwandishan Ya Daina Sanyi A Lokacin Bazara

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse hedkwatarta, gidajen siminti masu rufin kwano suka yawaita a garin, aka kuma shiga amfani da na'urar sanyaya ɗaki, wadda jama'a suka fi sani da iyakwandishan. Sai dai kuma kowace shekara, da zarar watan Afrilu ya kama, zafin rana ya haura digiri 40, duwatsun garin suna huci har cikin dare, sai a ji magidanta suna kukan cewa na'urar ta koma hura iska mai ɗumi, alhali ga tsofaffi da jarirai a ɗaka. Wannan maƙala za ta yi bayanin musabbabin haka, da abin da ya kamata a duba kafin a kashe kuɗi.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Aikin wannan na'ura shi ne kwashe zafin ɗaki ta zubar da shi waje. Wanda ya san randa ya san rabin zancen, domin ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta, in ya bi iska, yakan tafi da zafin ruwan ciki. A na'urar yau, dabarar ke nan: gas na zagayawa cikin bututu, ya ɗauki zafi a sashen da ke ɗaki, injin da ake kira kwamfiresa ya matsa shi zuwa sashen waje, fanka ta kore zafin. Babbar na'urar da ke sanyaya gini baki ɗaya ita ma haka take. Yawancin na'urorin nan kuwa an auna ƙarfinsu ne a kan zafin waje na digiri 35, saboda haka in rana ta wuce nan, ƙaramin cikas ma ya isa ya durƙusar da su.

Abubuwan Da Za A Duba

Na farko shi ne ƙura. Hunturu kan bar ƙura jibge a rariyar sashen ciki da kuma saƙar ƙarfen sashen waje, bazara ta zo ta tarar da su a toshe. In rariyar ciki ta toshe, iska ba ta ratsawa, har ƙanƙara kan daskare a bututu. In na waje ne ya toshe, zafi ba ya samun mafita, kwamfiresa ya yi zafi ya kashe kansa, fankar ɗaki kuwa ta ci gaba da juyawa. Maganin wannan shi ne a kashe wuta, a wanke rariyar, a zuba wa saƙar ruwa a hankali.

Na biyu shi ne mazaunin sashen waje. Wanda aka kafa a bangon yamma, ko aka cusa a lungu, ko aka kewaye da kejin ƙarfe mai matsi don gudun ɓarayi, zafin da ya fitar shi yake sake shaƙa. Inuwa yake bukata, da sarari ta gaba da baya.

Na uku shi ne wutar lantarki. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma a tsakiyar zafi, lokacin da kowa ya kunna tasa na'urar, nauyi kan yi wa taransifoma yawa, wuta ta yi rauni. Alamarsa ita ce a ji kwamfiresa na gurnani ya kasa tashi. A nan sai a kashe, domin matsa masa kan ƙona shi. Har ila yau, in an ɗauke wuta an kawo, a dakata kamar minti 3 kafin a kunna. Akwai kuma wani ɗan gwangwani da ake kira kafasita, mai taimaka wa injin ya tashi, wanda zafi kan sa ya kumbura ya lalace. Canza shi aikin mai gyara ne, domin yakan riƙe wuta ko bayan an kashe soket.

Na huɗu shi ne gas, wanda jama'a suka fi ɗora wa laifi. Gas ɗin nan a rufe yake cikin bututu, ba ya ƙonewa kamar na girki. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututu, inda akan ga danshin mai. Ƙara gas ba tare da toshe yoyon ba zuba ruwa ne a kwando.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, mai karatu zai ga cewa biyu daga cikin dalilan nan huɗu ba su bukatar komai illa ruwa da inuwa. Bayan an yi su, iskar da ke fitowa ya kamata ta fi ta ɗakin sanyi da kimanin digiri 8 zuwa 12. In ba ta kai haka ba, a kira mai gyara ya auna wuta da kafasita kafin ya taɓa gas. Tun da rigakafi ya fi magani, lokacin wankin na'ura shi ne ƙarshen Fabrairu, kafin bazara ta shigo.