Me ya sa motarka ke shan kashi a Forza Horizon 5?

Ka zuba duk kuɗin gem a babban inji, amma kana shan kwana sai bango? Duba saitinka.

Wasan, wanda ya fito a 2021 da titunan Meziko, yana ba ka damar gyara kusan komai. In mota ta ƙi juyawa a kwana, sassauta sandar hana tangaɗi ta gaba. In bayanta ke zamewa, ƙara ƙarfin fiffiken baya: zai danne ta ƙasa, sai dai gudunta a miƙaƙƙen titi zai ragu. Gajeriyar giya tana ba da saurin tashi, doguwa kuma ƙurewar gudu.

Sauya abu ɗaya, ka zagaya, ka duba lokacinka. In ka taɓa biyar a tare, ta yaya za ka gane wanda ya yi aiki?