TIYATAR RAGE ƘIBA: IRE-IRENTA DA RAYUWA BAYAN AN YI TA

 

 Yau ba a kan ganye ko saiwa za mu yi magana ba. Kwanakin baya wani bawan Allah ya same ni a nan Tudun Wada, hankalinsa a tashe. An yi wa maiɗakinsa aikin rage tumbi a ƙasar waje, sun dawo da wata biyu, kullum amai, ƙafafu sun fara sanyi, ido yana rawa. Ya ce: "Malam, a taimaka da jiƙo, ko sammu ne." Na ce masa Alhaji wannan ba aikina ba ne, ka ɗauke ta yanzu-yanzu zuwa Shika, ka faɗa wa likita irin aikin da aka yi mata. Ashe sinadarin bitamin B1 ne ya ƙare a jikinta saboda yawan amai. Allah ya sa an kai ta da wuri. Da an tsaya jiƙe-jiƙe, abin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar nakasar da ba ta gyaruwa.

Shi ya sa na ga ya wajaba mu yi bayanin nan, don yanzu mutanenmu suna zuwa Masar da Indiya da Turkiyya ana yi musu, wasu kuma a Legas da Abuja, amma da yawa ba su san abin da suka saya ba.

*DA FARKO A BAMBANCE ABU BIYU*

Zuƙe kitse daban, tiyatar rage ƙiba daban. Zuƙe kitse aikin gyaran sura ne, ana tsotse kitsen da ke ƙarƙashin fata, ba ya maganin suga ko hawan jini. Kuma shi ma ba wasa ba ne, manyanmu za su tuna Stella Obasanjo ta rasu a ƙasar Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan irin wannan aiki. Ita kuwa tiyatar da muke magana, a kan tumbi ake yinta, wato jakar da abinci ke fara sauka, da kuma hanji. Yawanci yanzu ba a farke ciki, 'yan ƙananan huji ake yi a zura kyamara da kayan aiki.

*WA YA CANCANTA?*

Likitoci suna da lissafi. Ka ɗauki nauyinka a kilo, ka raba shi da tsawonka a mita sau tsawonka. Misali mai kilo 120 da tsawon mita 1.7: 1.7 sau 1.7 ya ba da 2.89, a raba 120 da shi, ya ba da kusan 41. Ƙa'idar da aka sa a Amurka a 1991 ita ce 40 zuwa sama, ko 35 idan akwai ciwo tare, kamar suga, hawan jini, ko ɗaukewar numfashi a barci. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauto: 35 zuwa sama, ko daga 30 ga mai ciwon suga da makamantansa wanda sauran hanyoyi suka gaza masa. Kun ga kenan wadda take so ta rage kilo 8 don biki ba ta cikin wannan layi.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi a zamanta na Putrajaya, Maleshiya, a 2007, ta halatta rage nauyi har ta hanyar tiyata da sharuɗɗa: ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai ita, kuma a aminta daga cutarwa. To, neman magani ne, ba canza halitta ba, matuƙar sharuɗɗan sun cika.

*1. SILIB, WATO HANNUN RIGA*

Shi ne aka fi yi a duniya yanzu. Ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, a bar siriri kamar ayaba, abin da zai ɗauka bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka kwaɗayi ma yana raguwa.

Alherinsa: ba a taɓa hanji, aikin ya fi sauƙi, ƙarancin sinadarai bai kai na baifas ba.
Illarsa: abin da aka yanke ya tafi kenan, ba ya dawowa. Yana iya jawo ƙwannafi ko ya ƙara shi. Ɗinkin yana iya yoyo a kwanakin farko. Kuma idan mutum ya koma cushe-cushe, tumbin yana buɗewa a hankali.

*2. BAIFAS*

Kun san hanyar baifas da ke zagaye gari, motar Kaduna ta wuce Kano ba ta shiga cikin Zariya ba? To haka ake yi wa abinci. Ana ware 'yar jaka a saman tumbi, girmanta kamar ƙwan kaza, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Sauran tumbin da farkon hanjin suna nan a ciki, amma abinci ba ya bi ta kansu. Wani likita Ba'amurke, Edward Mason, shi ya fara shi a shekarun 1960, don haka an daɗe ana ganin sakamakonsa.

Alherinsa: ya fi silib ƙarfi a kan ciwon suga, wasu sukan ga sugansu ya sauka tun kafin nauyi ya ragu sosai. Kuma yana maganin ƙwannafi.
Illarsa: wurin da aka tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da sinadarin ƙashi, don haka ƙarancin jini yana yawa. Gyambo yana iya fitowa a mahaɗar ɗinkin. Hanji yana iya sarƙewa ko bayan shekaru. Sannan akwai abin da ke faruwa idan an sha zaƙi, zan yi bayaninsa a ƙasa.

Akwai ƙaninsa da ake kira ƙaramin baifas, mahaɗa ɗaya ake ɗinkewa maimakon biyu. Ya fi saurin yi, amma ruwan maɗaciya yana iya riƙa hawowa tumbi.

*3. ƊAMARA*

Zobe ne na roba mai laushi da ake ɗaura wa saman tumbi, likita yana matse shi ko ya sassauta ta wata 'yar mahaɗa a ƙarƙashin fata. Ba a yanke komai, kuma ana iya cire shi. Ya yi tashe bayan shekarar 2000, amma yanzu an rage yinsa ƙwarai, don nauyin da yake saukewa kaɗan ne, yana zamewa, wani lokaci ya ci bangon tumbi, mutane da yawa sai an sake shiga an cire.

*4. MAI HAƊA BIYU*

Wannan a yi silib, sannan a tsallake mafi yawan ƙaramin hanji. Ya fi duka sauke nauyi, ya kuma fi duka haɗarin tamowa da gudawa mai maiƙo. Na masu ƙiba mai tsanani ne waɗanda za su iya bibiyar asibiti ba fashi.

Sai *balan-balan*, wanda shi ba tiyata ba ne. Ana zura shi ta baki a cika shi da ruwa, yawanci a cire bayan wata 6. Idan hali bai canza ba, nauyi yana dawowa.

*TO WANNE YA FI?*

Ba a cewa wannan ya fi a kan kowa. Silib da baifas sukan sauke wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin mutum a shekara ɗaya zuwa biyu, baifas yana ɗan gaba. Mai kilo 120 zai iya komawa 85 ko 90. Mai fama da ƙwannafi sosai ko tsohon ciwon suga, an fi karkata da shi ga baifas. Wanda ba ya rabuwa da maganin ciwon gaɓɓai, ko mai yawan ƙarancin jini, an fi duba masa silib. A hannun ƙwararru mutuwa daga aikin ba ta kai mutum 1 cikin 200 ba, amma fa a hannun ƙwararru na ce, ba duk wanda ya yi talla a Facebook ba.

*RAYUWA BAYAN AIKI*

Nan ne maganar take, jama'a. Aikin awa ɗaya ne zuwa uku, amma nauyin da ya ɗora maka na har abada ne.

Abinci mataki-mataki ne. Kamar sati biyu na farko ruwa-ruwa kawai: romo tatacce, madara, koko mai ruwa ba suga. Sai mai laushi kamar kindirmo, faten wake da aka dama, dafaffen kifi da aka murje, ƙwai, awara mai taushi. Sai wajen sati 6 zuwa 8 a koma abincin gida kaɗan-kaɗan. Tuwo mai tauri, burodi sabon gashi, kilishi da tsire mai jijiya suna tsayawa a ƙirji, a jinkirta su.

A fara da abin gina jiki kafin tuwo ko shinkafa. Ana son aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki a rana, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne. Loma ƙarama, a tauna sosai, da ka ji ƙoshi ka cire hannu. Kada a haɗa ci da sha, a ba da tazarar minti 30. Amma a wuni a kurɓi ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, musamman a zafin Maris da Afrilu. Lemon kwalba mai gas an yi sallama da shi.

Maganar zaƙi. Ku da kuka san ni kun san yadda nake yabon zuma, amma gaskiya ɗaya ce: mai baifas idan ya sha zuma cokali-cokali, ko fura da suga, ko zoɓo mai zaƙi, ko ya ci dabino da yawa, zaƙin yana afkawa hanji lokaci guda. Sai zufa, bugun zuciya, jiri, murɗa da gudawa, wani kuma bayan awa ɗaya zuwa uku sugansa ya faɗi ƙasa. Ba iska ba ce, ba maita ba.

Ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa: haɗaɗɗen bitamin, maganin ƙarin jini, sinadarin ƙashi da bitamin D, da B12 wanda sau da yawa allura ce duk wata 3. Zogale da hanta suna taimakawa, amma ba sa maye gurbinsu. Kada a sha maganin ƙarin jini da shayi, yana hana shi shiga jiki. Gwajin jini kuma aƙalla sau ɗaya a shekara ko kana jin garau.

Magungunan da za a guje wa: ibuprofen, diclofenac, Feldene, Alabukun da irin haɗin da ake ƙullawa a kyamis na ciwon jiki, duk suna iya huda ɗinki da gyambo. Taba sigari da shisha ma haka. A ɓangarenmu kuma, ban yarda mai wannan aiki ya sha sanamaki, ko jiƙon kanwa, ko wani maganin wankin ciki ba. Ko habbatus sauda da man zaitun, sai ciki ya warke kuma likitansa ya sani.

Iyaye mata: haihuwa takan buɗe bayan nauyi ya sauka, amma ana son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, don jikin da ke zubar da nauyi ba zai ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata ba. Maigida, wannan shawara da kai za a yi ta tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Gashi yakan zube tsakanin wata na 3 da na 6, yakan dawo. Fata takan saki. Tsakuwa tana iya fitowa a maɗaciya.

Azumi: wanda cikinsa bai fi kofi ba, ba zai iya shan ruwan wuni guda tsakanin magariba da sahur a farkon lamari ba. Likitoci da yawa suna hana azumi a watannin farko, wasu har shekara. Shari'a ta ba marar lafiya rangwame, ya sha ya rama idan ya samu sauƙi. In an ba ka izinin yi, ka buɗe baki da ruwa a hankali da dabino ɗaya, ka raba abincin kashi-kashi har sahur. Mai hikima kuma ba ya sa ranar aikinsa dab da Ramadan ko tafiyar Hajji.

Nauyi yana iya dawowa. Maradona ɗan ƙwallon Ajantina an yi masa baifas a 2005, aka sake yi masa wani aikin a 2015. Wuƙa tana rage tumbi, ba ta rage son zuciya. Koyarwar nan ta raba ciki kashi uku tana nan daram, kafin aiki da bayansa.

*ALAMOMIN GUDU ASIBITI*

Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida, aman da ya ƙi tsayawa, sanyin ƙafafu ko ruɗewa. Waɗannan ba a kawo su wurina, ba a jira gari ya waye.

*KAFIN KA SAYAR DA FILI*

Ka fara ganin likitan suga da hawan jini a nan gida, a Shika ko asibitin Gambo Sawaba, a gwada gyaran abinci da tattaki da magani tukuna. In ta kama sai an yi, ka tambayi likitan: wane iri za ka yi mini, don me shi? Sau nawa ka yi shi? In matsala ta taso bayan na koma Zariya wa zai duba ni? Ka karɓo takardar bayanin aikin da Turanci ka adana. Sannan ka lissafa kuɗin bitamin da gwaji na kowane wata. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, aikin nan zai iya zame masa cuta maimakon magani. Ka yi shawara, ka yi istihara.

'Yan gida kuma a taya shi. Kada a ce ya raina abinci don ya ci loma uku a gidan biki, kada a riƙa yi masa gori.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu daga cutar da ta fi ƙarfinmu, amin. A tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana dab da yanke shawara.