Daga ƙwaya guda zuwa jiki cikakke

Jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, an gina shi ne da ƴan ƙananan abubuwa masu rai da ake kira ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A jikin babban mutum akwai wajen miliyar dubu 30, kuma sun kasu iri wajen 200: na jini, na ƙashi, na tsoka, na fata, na jijiya. Amma dukansu daga ƙwaya guda suka fito, wadda ta samu lokacin da ƙwan mace ya haɗu da maniyyin namiji.

Yaya ƙwaya guda ta zama iri 200?

Ƙwayar farko takan rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. A kwanakin farko duk kamarsu ɗaya. Kowace tana ɗauke da saƙon gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mu ɗauke shi kamar littafi mai darasi wajen dubu 20. Kusan kowace ƙwaya tana da littafin cikakke, amma ba ta karanta shi duka. Ƙwayar tsoka ta buɗe darasin motsi, ta rufe na gani. Ƙwayar ido ta buɗe na gani, ta rufe na motsi. Abin da ke nuna mata darasinta shi ne wurin da take zaune, da saƙon da maƙwabtanta suke aiko mata. Kamar gari ne da kaka ɗaya ya kafa: wani jika ya zama maƙeri, wani masaƙi, wani mahauci.

Masana sun tabbatar da haka. A shekarar 1996, a ƙasar Sukotilan, an ciro saƙon gado daga ƙwayar hantsar wata tunkiya, aka sa shi cikin ƙwan da aka cire wa nasa. Aka haifi ƴar tunkiya cikakkiya, aka sa mata suna Dolly. Ashe ƙwayar hantsa ba ta yar da sauran littafin ba, rufe shi kawai ta yi.

Manomi ya san abin a gona

In muka binne sandar rogo, gefen ƙasa yakan fid da saiwa, idanun sama su fid da ganye. Haka yaɗon dankali. Ƙwayoyin tsiro suna iya sake sana'a cikin sauƙi. A jikinmu kuwa, wadda ta kama sana'arta ta kama ke nan. Amma akwai waɗanda aka bari a ajiye don gyara. Na cikin ɓargo suna yin sabon jini kullum, domin jar ƙwayar jini kwana 120 ne kawai ranta. Ba su iya wannan aiki in abinci ba ya da sinadarin ƙarfe.

Tun ran gini, tun ran zane

Babban rabon aiki yana faruwa ne cikin sati 8 na farkon ciki. Wajen kwana 22 zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa. Wajen kwana 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe. Sau da yawa mace ba ta ma san tana da ciki ba tukuna. In wani mugun magani, ko giya, ko rashin abinci mai gina jiki ya ɓata saƙon a wannan lokaci, ana iya haihuwar jariri da naƙasa, kuma gyaranta na da wuya.

Saboda haka mu kiyaye:

1. Mace mai sa ran ciki ta yawaita cin wake, gujiya, ƙwai da ganye kamar zogala da rama.
2. A yi girki da gishiri mai iyodi, don ƙwaƙwalwar yaro.
3. Da zarar al'ada ta ɗauke, a tafi awo gidan likita, a karɓi ƙwayoyin ƙarin jini, a sha su kullum.
4. Kada mai ciki ta sha maganin masu talla, ko wani jiƙo da ba a san ƙarfinsa ba, sai ta tambayi likita ko ungozoma.

Magidanta, wannan nauyi har da mu. Kada mu jira sai ciki ya fito fili kafin mu ba da kuɗin cefane da izinin zuwa awo.