Wane ne Wannan na Tsakiya? Tsofaffin Hotuna da Neman Asali a Zangunan Hausawa

Ko a zangon Kumasi ne, ko Sabon Zangon Akra, ko unguwar Briketeri ta Yawunde, ko wani gida a Gadarif ta Sudan, da wuya a buɗe adakar tsohuwa a rasa hoto a ƙasan zannuwa. Galibi baƙi da fari ne, gefensa ya sha gara, fuskokin sun fara dishewa. Za ka ga dattijo a kujera da babbar riga da rawani, samari biyu tsaye a bayansa, yaro a tsugune a gaba. Kowa a gidan ya san cewa "namu ne". Amma da ka sa yatsa ka ce wane ne wannan, ina aka ɗauka, wace shekara, sai a ce a kira Hajiya. In kuwa Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, sai a yi ta kallon juna.

Ga Bakano da ke zaune a Kano, abin da sauƙi. Ko hoton ya ɓata, gidan kakansa na nan, mai unguwa ya san zuriyar, maƙwabta ma shaidu ne. Wanda kakansa ya bi ayarin goro zuwa Gwanja bai koma ba, ko ya nufi gabas da ƙafa ya tsaya noman auduga a Jazira har rai ya yi halinsa, shi ba shi da wannan gata. Sau da yawa ɗan hoton nan shi ne kaɗai abin da ya rage tsakaninsa da garin da ake ce masa can ne tushensa.

Wahala ta farko daga al'adarmu take. Mu mutane ne masu ɓoye suna. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, yaron da ya ci sunan kakansa kuma sai ya tashi Abba ko Baba ko Baffa har ya yi furfura. Ga sunayen rana, su Ɗanladi da Talatu da Balaraba, waɗanda kowane gida ke da su bibbiyu. Saboda haka jika zai rantse maka cewa mutumin da ke hoton "Baba Alhaji" ne, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai taɓa jin sunansa na yanka ba. Na mata ya fi muni. Inna, Goggo, Hajiya Babba, Uwargida: mace ta yi shekara tamanin a duniya, ta haifi rabin unguwa, a wayi gari ba mai iya faɗin sunan mahaifinta.

Zama a ƙasar wasu ya ƙara wa abin wani rufi. A Gana an riƙa laƙaba wa baƙo sunan garinsu ko ƙabilarsa, musamman a rajistar soja da ta 'yan sanda tun zamanin Turawa, sai ka ji Musa Kano ko Garba Sakkwato. Wannan ya ɗan taimaka, domin aƙalla ya bar sunan gari, ko da yake wani Bazabarme ne ko Babarbare da ya ga sauƙin a kira shi Bahaushe. A Saudiyya kuwa zuriya guda-guda sun narke cikin suna ɗaya, Hausawi. A Sudan aka haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare a jaka ɗaya aka ce Fallata. Wanda ke neman kakansa da irin wannan suna, aikinsa ja ne.

To, in baki ya gaza, sai a tambayi hoton kansa, kuma yana da abin faɗa fiye da yadda ake zato. A fara da juya shi. Masu shagon hoto na da sun saba buga hatiminsu a baya, da sunan shago da na gari, wani lokaci har da lambar akwatin gidan waya. Wasu shagunan sanannu ne. Deo Gratias da ke Jamestown a Akra tun 1922 yake, kuma har yau yana hannun zuriyar wanda ya kafa shi. A unguwar ce James Barnor ya yi shagonsa na Ever Young a shekarun 1950. A Atbara ta Sudan an yi Rashid Mahdi, a Yamai an yi Philippe Koudjina. Sai dai hatimi yana nuna inda aka wanke hoto ne, ba lallai inda aka ɗauke shi ba, kuma akan sake wanke tsohon dodon hoto bayan shekaru, ko a ɗauki hoton hoto idan mai shi ya rasu don a raba wa dangi.

Idan akwai rubutu da ajami, a kai wa malamin da ya saba da hannun mutanen da, kar a bar wa ɗan boko ya yi ta kame-kame. Shekarar da za a gani a ciki mai yiwuwa ta Hijira ce. Abin riƙewa a nan shi ne 1380 ta kama ne a tsakiyar 1960, 1390 a farkon 1970, ita kuwa 1400 a ƙarshen 1979. Daga nan lissafi ba wuya.

Sai kuma abubuwan da suka faɗo cikin hoton ba da niyya ba, waɗanda su ne suka fi gaskiya. Tutar Kamaru tana da taurari biyu daga 1961 zuwa 1975, daga nan ta koma tauraro ɗaya a tsakiya. Sudan ta sauya tuta a 1970, saboda haka in ka ga mai kusurwa uku a gefen sanda, hoton bai girmi wannan shekara ba. Gana ma ta mai da tsakiyar tutarta fari daga 1964 zuwa 1966, amma a hoto baƙi da fari sai mai ido ke raba fari da rawaya. In hoton biki ne an yi wa ango ko makaɗi liƙi, a duba kuɗin da kyau: sidi ya maye gurbin fam a Gana a 1965, naira ta fito a Najeriya a farkon 1973. In titi ya fito, a duba hannun da motoci ke bi, domin Najeriya ta koma dama a Afrilun 1972, Gana ta biyo baya a Agustan 1974. Sojan da ke sanye da jar dara da gajeren wando na zamanin Turawa ne, kuma gidaje da yawa a zango suna da kakan da ya je yaƙin Bama. Atamfar da aka buga wa fuskar Nkrumah ko ta Sarauniyar Ingila ita ma kalanda ce, illa dai mace takan ajiye zane shekara goma a kwalla kafin ta ɗinka. Akasarin waɗannan alamu suna cewa ne "ba a ɗauka kafin kaza ba". Ba sa cewa ga ranar.

Tsagar fuska ita ce shaidar da ta fi tsada ga mai neman tushe. Askar Gobirawa daban, ta Kabawa daban, ta Barebari daban, kuma tsohon wanzami ko tsohuwar da ta tashi cikin masu zane za su karanta fuska nan take su ce daga yankin kaza mutumin nan ya fito. Yaran yanzu ba a yi musu, masu iya karantawa kuma suna ƙarewa. A nan ne nake jin takaicin manhajojin gyaran hoto da matasa suka rungumi. Ana loda hoton kaka a waya, manhaja ta goge dishi-dishin, ta sa launi, ta fito da shi sumul. Cikin abin da ta ɗauka datti ne ta share har da zanen kumatunsa, wani lokaci ta sake masa ido da hanci. Hoton da ke yawo a dandalin WhatsApp na dangi sai ya zama na wani kyakkyawan mutum da ba a taɓa haifa ba. Wanda zai yi gyara ya yi, amma ya adana na asali yadda yake, gaba da baya.

Gane wuri ya fi kowanne yaudara. Mai hoto yakan rataya labule mai zane a bayan mutum, ya ba shi aron agogo ko rediyo ko waya ya riƙe. Philip Kwame Apagya na garin Shama a Gana ya yi suna da labulayen da aka zana wa firji cike da abinci da talabijin da jirgin sama. Haka nan hoton Alhaji a gaban Ka'aba ko koren ƙubba, da yawa a shago aka ɗauke su gaban zane. Wannan ba ya nufin bai yi hajji ba, yana nufin dai kar a yi lissafin shekara da ginin da ke bayansa. In kuwa ginin na gaske ne, to an samu abin kamawa: ganuwar Ajyad da Turkawa suka gina a kan dutse kusa da Harami an rushe ta a 2002, a wurinta ne dogon benen agogo yake yanzu.

Wani wurin ma babu shi a doron ƙasa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai suka watsu, da yawa suka sauka Kete Karaci, garin da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, tafkin Volta ya shanye tsohon garin. Duk wanda ke riƙe da hoton ƙofar gidan kakansa a tsohon zangon Karaci, yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba. An rushe kasuwar Makola ta Akra a 1979. A Jidda kuma, daga ƙarshen 2021, katafila ta bi ta kan tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi zamani bayan zamani.

Wani zai ce duk wannan ai sha'awa ce ta masu ƙoshi. Wanda aka taɓa tambaya "kai ɗan ina ne" a garin da aka binne cibiyarsa ba zai ce haka ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. An sayar da gidaje a wulaƙance, iyalai suka rabu, wa ya hau mota zuwa Najeriya ko Nijar, ƙane ya lafe a zango. Har yau matashin zango da ya je neman katin ɗan ƙasa yakan sha tambaya a kan garin iyayensa da kakanninsa. A Sudan, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897, alhali jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903 kafin su kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. An sassauta dokar daga baya, amma gorin bai mutu ba, kuma rikicin jihar Blue Nile na 2022 a kan maganar wa ke da ƙasa da sarauta ya tashi. Hoto ba takardar kotu ba ne. Amma gidan da zai iya cewa ga kakanmu, ga sunansa da na ubansa, ga shi a garin nan a shekara kaza, ya fi ƙarfin tsayuwa a kan wanda sai dai ya ce "an ce".

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nuna yadda abin ke salwanta a dare ɗaya. Wanda ya gudu daga Hartum ko Wad Madani da yara a hannu bai tsaya ɗaukar albam ba. Abin da ya tsira shi ne wanda wani ya taɓa ɗauka da waya ya tura wa ɗan'uwa. Kafin yaƙi ma an yi asara ta wata hanyar: gidaje da dama sun sauke hotuna daga bango, wasu har suka ƙona, bayan wa'azin da aka yi ta yi a kan hukuncin hoto. Wannan magana ce ta malamai, ba ni da ta cewa a cikinta, sai dai wanda ya ga ba zai rataya ba yana iya rubuta sunayen ya miƙa wa ɗan'uwan da zai adana.

Akwai wata dama da ba a cika lura da ita ba. Mutanen da ba sa wanke hoto ɗaya. Sukan wanke uku ko huɗu, a ba direba ko maniyyaci ko mai zuwa ganin gida ya kai wa dangi, don a ga cewa wane yana raye kuma ya yi arziki. Wanda aka bari a gida ba a rubuta masa komai, tunda kowa ya san fuskar. Wanda aka aika shi ne ake rubuta wa suna da gaisuwa. Ke nan sunan da ya ɓace a Kumasi mai yiwuwa yana kwance a bayan kwafinsa a wata adaka a Fagge ko Damagaram ko Jega. Rabuwar da ta jawo matsalar ita ce kuma ta ajiye maganinta, in dai ɓangarorin biyu za su nuna wa juna abin da ke hannunsu.

Sai dai a yi hattara da Facebook. An sha yaɗa hoton wani dattijo ana cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, alhali Shehu ya rasu a 1817, fiye da shekara ashirin kafin a fito da fasahar ɗaukar hoto a 1839. In an yi wa Shehu haka, kakan wani ba zai gagara ba. Da mutum ɗaya ya yi shaci-faɗi, mutum ɗari suka tura, shi ke nan ya zama tarihi. Rumbunan Turawa ma ba su cika fitar da mai nema kunya ba. Tarin hotunan mishan na Basel yana intanet, akwai Hausawan Gana da Kamaru a ciki, amma akasari abin da aka rubuta a ƙasa bai wuce "fataken Hausa" ba. Mai ɗaukar bai tambayi sunansu ba.

Saboda haka rumbun gaske shi ne tsofaffinmu, musamman mata, domin su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wa aka haifa shekarar korar baƙi. A kai musu hoton da rana, cikin haske, ɗaya bayan ɗaya, a kunna rikoda a waya. Kar a ce "Goggo, wannan ba Malam Sule ba ne?" domin kara za ta sa ta ce shi ne. A ce "Goggo, kin gane wannan?" sannan a yi shiru a bar ta. A tambayi wata tsohuwar daban, ba a gaban ta farko ba. Abin da aka samu a rubuta da fensir a bayan hoton, biro yana huda takarda yana kuma zuba: sunan yanka, laƙabi, sunan uba, gari, shekara ko abin da ya faru a shekarar, da sunan wadda ta faɗa. Inda ake da tabbas a ce tabbas, inda zato ne a rubuta "ana zato". Jama'ar zango da 'yan'uwa na gida, in Allah ya kai mu Sallar nan da za a taru gaishe da tsofaffi, a tafi da hotunan da fensir.