Masu Gyaran Famfo da Masu Kula da Daji a Ƙauyukan Aborijin na Ostareliya

A wannan fitowa za mu leƙa wata ƙasa mai nisa, wato Ostareliya, mu ga irin sana'o'in da ke riƙe da ƙauyukan da suke nesa da birni. Ƙasar ta fi Nijeriya faɗi sau takwas, amma yawancin jama'arta suna zaune a biranen bakin teku. Can cikin hamada da kuma arewacin ƙasar akwai ƙananan ƙauyuka na 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin. Kakanninsu suna wurin tun dubban shekaru kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Daga wasu ƙauyukan sai an yi tafiyar yini guda a mota kafin a kai babban asibiti. A arewa kuwa, in damina ta kankama, koguna kan rufe hanya na tsawon watanni. To, a irin wannan wuri, in famfo ya lalace wa zai gyara?

Asibiti na magani, gida na maido da cuta

A tsakiyar shekarun 1980 wani dattijo makaho mai suna Yami Lester yana shugabantar hukumar lafiya ta Nganampa, a ƙasar mutanen Anangu da ke Kudancin Ostareliya. Ya lura cewa ana yi wa yara magani a asibiti, su koma gida, bayan 'yan makonni su dawo da cutar nan dai: gudawa, ciwon ƙirji, ƙurajen fata, kunne mai ruwa, da ciwon ido na amodari. Sai ya haɗa mutum uku, likita Paul Torzillo, da masanin zanen gini Paul Pholeros, da jami'in tsabtar muhalli Stephan Rainow, ya ce su nemo yadda za a hana mutane kamuwa tun daga gida.

Rahoton da aka fitar a 1987 ya jera abubuwa tara da ya kamata kowane gida ya iya yi wa masu zama a cikinsa. Na farko shi ne a iya yi wa yaro wanka kowace rana. Daga nan sai wankin tufafi da shimfiɗa, sai fitar da ƙazamin ruwa daga gida, sai wurin ajiye abinci da dafa shi. Ba wani sabon ilimi ba ne, kowace uwa ta san wannan. Abin da aka rasa shi ne famfo mai kawo ruwa da magudanar da ba ta toshe ba.

Daga baya mutanen uku suka kafa ƙungiyar Healthabitat. Ga yadda aikin yake. In an shiga ƙauye, ana ɗaukar mutanen garin aiki, maza da mata, a koya musu cikin ɗan lokaci yadda ake gwada abubuwa kusan 250 a kowane gida: famfo, shawa, masai, soket, murhu, ƙofa. Abin da hannu zai iya gyarawa, kamar robar bakin famfo, a gyara nan take. Abin da doka ta ce sai mai lasisi, wato wayar lantarki da manyan bututu, a rubuta shi a ba masu sana'ar, su fara tun ranar. Ƙa'idarsu ita ce ba a shiga gidan mutum a ƙirga lalacewa a tafi ba tare da an gyara wani abu ba. Wanda aka taɓa zuwa gidansa da takarda da biro, aka yi masa tambayoyi, bai ƙara ganin kowa ba, ya san darajar wannan ƙa'ida.

Bayan an duba dubban gidaje, sai aka ga kusan gida ɗaya ne cikin uku shawarsa ke aiki kafin gyara. An daɗe ana cewa Aborijin ne ke farfasa gidajen da gwamnati ta gina musu. Lissafin ya nuna ba haka ba ne. Kusan kashi 70 cikin 100 na lalacewar rashin gyara a kan kari ne ya kawo ta. Kusan kashi 20 kuwa tun wajen ginin aka yi aikin banza. Abin da mazauna gidan suka ɓata bai kai kashi 10 ba. A 2010 ma'aikatar lafiya ta jihar New South Wales ta ba da rahoton cewa kwanciya asibiti saboda cututtuka masu yaɗuwa ta ragu da kashi 40 cikin 100 a tsakanin mutanen gidajen da aka gyara, in an kwatanta da inda ba a yi aikin ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan kuwa 'yan ƙauyukan ne.

Mai kula da ruwa da wuta

A yankin Arewa, hukumar ruwa da lantarki tana kula da ƙauyuka 72 na nesa. A kowanne ana sa ma'aikaci da yake zaune a garin. Shi ne yake duba janareta da man da ya rage, ya leƙa rijiyar burtsatse da tanki, ya auna maganin kulorin da ke cikin ruwan sha, ya duba tafkin da ƙazamin ruwa ke taruwa. Aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba.

A Janairu 2023 kogin Fitzroy ya cika ya karya gadar garin Fitzroy Crossing, kuma sai a Disamba aka buɗe sabuwa. A Maris na shekarar aka kwashe ɗaruruwan mutanen Kalkarindji da Daguragu da Pigeon Hole zuwa kusa da birnin Darwin saboda ambaliya. A irin waɗannan ranaku jirgin agaji ba ya isowa nan da nan. Wanda ya san inda ake kashe wutar gari, ya san gidan da tsohuwa mara ƙafa take, kuma yana jin harshen mutane, shi ne mai agaji na farko.

Wuta maganin wuta

Akwai kuma masu kula da daji. A yammacin ƙasar Arnhem, in aka bar ciyawa ta bushe ƙayau har ƙarshen rani, gobara kan cinye daji mai faɗin gaske. Dattawa sun san dabarar kakanni: a sa ƙananan wuta a farkon rani, ciyawa da sauran danshi, wutar ta ci kaɗan ta mutu da raɓar dare. Wuraren da suka ƙone sai su zama shinge ga babbar gobara. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin gas na Darwin, ya riƙa biyan kuɗi domin a yi wannan aiki a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 28,000, saboda ƙaramar wuta ba ta fitar da hayaƙi kamar babba. Matasa suna aiki a ƙasa da kuma cikin jirgi mai saukar ungulu, dattawa na nuna musu inda za a ƙona da inda ba a taɓawa.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar ita ce samun lasisi. Kafin yaro ya zama cikakken mai aikin lantarki ko mai gyaran famfo a Ostareliya, sai ya yi kusan shekara huɗu a ƙarƙashin maigida. Amma ɗan kwangila yakan zo ƙauye ya yi wata shida ya tattara kayansa, ya bar almajiri da rabin sana'a.

An gwada wata hanya a Galiwin'ku, garin mutanen Yolngu da ke tsibirin Elcho, inda mishan na Methodist ya kafu a 1942. A Fabrairu 2015 guguwar teku mai suna Lam ta faɗa wa garin. Ba a rasa rai ba, amma gidaje kusan 80 sai da aka sake gina su, kuma mutane da yawa sun zauna a tantuna. Sai aka raba aikin biyu. Wasu gidajen aka gina su da sauri domin a fitar da iyalai daga tanti. Sauran aka gina su a hankali cikin shekaru, domin samarin garin su sami lokacin koyon gini da kafinta a kan gidajen da danginsu za su shiga.