Ambaliyar Maiduguri: Wa Ya San Ƙofar Kowane Gida?

A daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Kafin rana ta take, ruwa ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Rabon birnin da irin wannan musiba tun 1994. Mutum wajen 400,000 suka bar gidajensu.

Ƙananan hukumomi biyu abin ya fi shafa, watau ta cikin birni da ta Jere. Bisa tsarin Nijeriya, akwai hukumar agaji ta tarayya, NEMA, wadda aka kafa a 1999, kowace jiha da tata, kana ana so kowace ƙaramar hukuma ta zamana da kwamitin ko-ta-kwana. Wannan na ƙasa shi ya fi kusa da talaka, shi ne kuma ya fi kowa ƙarancin abin hannu.

Saboda haka sai aiki ya rarrabu. Soja da masu kwalekwale da samarin unguwa suka yi ta tsamo mutane. Gwamna Babagana Zulum ya sake buɗe sansanin Bakassi, makarantu kuma suka zama masauki. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora tukwane, 'yan Red Cross da likitocin MSF suka dubi ruwan sha da marasa lafiya, don gudun kwalara, wadda kuwa ta ɓulla cikin Oktoba. Attajirai irin su Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u da marigayi Aminu Dantata suka ba da dukiya mai yawa, galibinta ta hannun gwamnatin jiha.

To, tara kaya daban, rabonsa daban. Attajiri yana da lori da hatsi, ƙungiya tana da magani da gwanaye, amma ba ɗayansu da ya san wane gida ne na haya, wace tsohuwa ce ba ta iya tsayawa layi, wane magidanci ne kunya za ta hana shi miƙa hannu. Wannan ilmi yana wurin bulama da lawani da kansila. In ba a nemi bakinsu ba wajen rubuta sunaye, mai ƙarfi ya karɓa sau biyu, mai rauni ya kwana da yunwa. Lalle su ma sai da mai duba su, gama son kai ba ya tsallake gidan kowa.

Dattawa suna tuna zamanin En'e, lokacin da hukumar gari take da baitulmalinta, kafin gyaran 1976. A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wata biyu bayan haka ruwan Alau ya iso, hukuncin bai fara aiki ba.