Iferwan: ba kowane liyari mai ɗauke da 1780 ne ya shekara ɗari biyu ba

A Iferwan, garin da ke gindin dutsen Tamgak a arewacin Agadas, maƙeran Abzinawa da ake kira inadan sun daɗe suna narka tsofaffin tsabobin azurfa don ƙera zobba, ƴan kunne da abin wuyan nan da Turawa ke kira croix d'Iférouane. Tsabar da ta fi suna a hannunsu ita ce liyari, wato talar na Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Har yau akan ci karo da shi a akwatin kaka ko a rataye a wuyan amarya. Idan ya fito kasuwa, magana ɗaya ce a bakin mai sayarwa: "Dubi shekarar, 1780." To, shekarar nan ba ta shaidar komai.

Mariya Tereza ta rasu a watan Nuwamba na 1780. Da yake fatake a ƙasashen Larabawa da Afirka sun riga sun amince da tsabar, kuma ba sa karɓar wadda aka canza wa kama, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ba canji. A 1858 ta daina aiki a Ostiriya kanta, amma bugu bai tsaya ba. An buga ta a Viyana, Milan da Prag. A 1935 Italiya ta samu izinin buga ta a Roma saboda yaƙin Habasha, Ingila ita ma ta shiga buga tata a Landan da Bombai, Paris da Brussels su ma suka buga tasu. An buga fiye da miliyan 300, kuma Viyana na bugawa har gobe. Ta hanyar ayarin Tarabulus ta iso ƙasarmu. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Abzin a 1850 ya sauka Kano a 1851, ana canza ta da wuri 2,500.

Kowane gidan buga kuɗi yana da ƙarfen hatiminsa da ake danna wa azurfa, kuma idan ƙarfen ya ci sai a sassaƙa wani. Hannun masu sassaƙa ba ɗaya ba ne, shi ya sa ƙananan bambance-bambance suka shiga, kuma su ne ke fallasa inda aka buga tsaba da zamaninta.

A fara da fuskar da ke da hoton sarauniya. Ƙarƙashin hoton, galibin liyarai suna da haruffa S.F., farkon sunayen Schöbl da Faby, jami'an gidan bugu na Günzburg. Sai dai an ci gaba da kwaikwayon haruffan ko'ina bayan mutuwarsu, don haka ganinsu ba hujjar tsufa ba ne. Rashin ganinsu ne abin lura: bugun Viyana na farko yana ɗauke da I.C.F.A. a ɗaya fuskar, kusa da ƙafafun gaggafa. Sai maɓallin ado da ke kafaɗar sarauniya. A wasu tsofaffin bugu sumul yake, a na baya kuwa ƙwayoyin lu'ulu'u ne kewaye da shi. A da, a Habasha da Yemen ƴan kasuwa kan shafa wurin da yatsa, in ƙwayoyin sun shafe su ƙi karɓa ko su rage farashi. Ashe tun kafin masana su rubuta littattafai, talakan kasuwa ya san wannan ilimi.

A juya tsabar. Gaggafa ce mai kai biyu, kewaye da rubutun Latin da ya ƙare da 1780 da wata alama mai kama da X. A nan a dubi kalmar da ke nufin Ostiriya: a bugun farko-farko akan ga AUST, a na baya AVST. Sannan a ƙirga gashin wutsiyar gaggafar da madubin ƙara girma. Na Viyana da Roma na ƙarni na 20 suna da gashi uku a tsakiya, na Landan da Bombai biyu. A gefen tsabar kuma akwai rubutu IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da rangwame, wanda aka sa don hana masu gugar azurfa daga baki. Wani masani, Walter Hafner, ya tattara ire-iren waɗannan bugu a kundi guda, kuma da lambobinsa masu tara tsabobi a Turai ke ciniki.

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, mafi yawan liyaran da ke yawo darajarsu ta azurfar jikinsu ce kawai. Nauyin na gaske gram 28 ne da ɗigo kaɗan, faɗinsa wajen santimita 4, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato kimanin gram 23.4 na tsantsar azurfa. Wanda ya gaza haka sosai alhali bai goge ba, ko maganaɗisu ya kama shi, ko aka ga ƴan ramuka da layin haɗi a gefensa, na zubi ne, jabu. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don rataya kuwa, masu tara tsabobi ba sa ba shi kuɗin kirki, ko da tsoho ne.

Akwai kuma tsohuwar dala ta Faransa, tsabar azurfa ta faran 5, wadda sunanta ya rage a bakinmu wajen ƙirga kuɗi. Ita ba ta da wahala: shekararta gaskiya ce, nauyinta gram 25, azurfarta kashi 900, kuma harafi ɗaya ko biyu ke faɗin garin bugu, A na Paris, K na Bordo, W na Lille, BB na Strasbourg.

Hasara biyu ake yi a nan. Mai saye yana biyan kuɗin kayan tarihi a kan tsabar da aka buga a zamanin yaƙin duniya na biyu, maƙeri kuma yana iya jefa bugun farko a wuta ya fito da zobe biyu. Dubawar ba ta wuce minti biyar: a auna, a karanta AUST ko AVST, a nemi haruffan, a ƙirga gashin wutsiya. In an ga AUST ko I.C.F.A., a ajiye tsabar gefe, kada a goge ta da toka ko lemun tsami, domin gugar na rage mata daraja. A ɗauki hoton fuska biyu da gefe a nuna wa wanda ya san harkar kafin a hura zugazugi.